In an kulle aji, wa ke biyan malam? Zare daga Wurno zuwa korona

1/
Jama'a, kwana biyu ke nan ana kai ruwa rana a nan kan tambaya ɗaya: in annoba ta sa an rufe makarantu, a ci gaba da biyan malamai ko a tsaya? Wasu na cewa ba aiki ba biya. Wasu na cewa zalunci ne a hana. Ni ɗalibin tarihi ne, ɗan Lahodu a ƙasar Wurno, kuma tambayar nan ta girmi korona nesa ba kusa ba. Zaren na da tsawo, a gyara zama.

2/
Matsayina tun farko, don kada wani ya wahala: a biya. Amma "a biya" kaɗai bai warware komai ba sai an faɗi wane malami, kuma daga aljihun wa. Nan ne tarihi ke da abin cewa.

3/
Mu fara da abin da kowa zai tuna. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Najeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Ranar 18 ga Maris gwamnonin Arewa maso Yamma suka zauna a Kaduna, suka ce daga Litinin 23 ga wata a rufe makarantu na kwana 30. Gwamnatin tarayya ma ta bi da nata umarnin. Kwana 30 ɗin nan su suka zama watanni. Mu 'yan ajin ƙarshe na sakandare ba mu koma ba sai a watan Agusta, aka fara WAEC ranar 17 ga wata. Ƙannenmu kuwa sai wajen Oktoba.

4/
Ku riƙe wannan: ranar da aka kulle azuzuwa, ko mutum ɗaya ba a tabbatar yana da cutar a jihar Sakkwato ba, sai a watan Afrilu. Ba malami ne ya ƙi zuwa ba, ba iyaye ne suka hana yara ba. Umarni ne daga sama, kuma ban ce kuskure ba ne. Cewa nake yana da mai shi.

5/
A watannin nan, unguwa ɗaya za ka ga malamai uku, kowa da ƙaddararsa. Malamin gwamnati alat ɗinsa na shigowa ƙarshen wata, ko da ya makara. Malamin makarantar kuɗi an ce masa "ka yi haƙuri sai an dawo". Malamin allo da malamar Islamiyya kuwa ba wanda ma ya tambayi yadda suke. Sunansu ɗaya, malam. Amma tsari uku ne daban, kuma kowane da zamanin da aka haife shi.

6/
Mafi tsufa shi ne na allo da zaure. Wurno ribaɗi ne na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Gari ne na malamai tun asali. To da me malamin wancan zamani ke ci? Ba albashi. Yana da gonarsa, almajirai na taya shi noma da damina. Da kaka zakkar hatsi na zuwa. Akwai sadaka, akwai kyautar masu sarauta da attajirai, wasu na ɗinki, wasu na kwafar littattafai da hannu, wasu na fatauci. A makarantar allo akwai kuɗin Laraba da yaro ke kawowa kafin hutun Alhamis da Juma'a, da sadakar da ake yi in yaro ya kai wata sura, da ta sauka.

7/
Ku duba jerin nan da kyau. In ka cire kuɗin Laraba, babu ko ɗaya da ke ƙirga kwanakin da malam ya zauna gaban yara. Ba wanda ke auna damin gero da yawan wankin allo. Gari ne ke riƙe malaminsa, shi ɗin kansa, saboda yana so gobe a wayi gari akwai mai yi wa yara biyawa, akwai mai jan sallah, akwai mai raɗin suna da wankan gawa. Da damina karatu kan yi sanyi, kowa na gona, amma malam bai daina zama malam ba.

8/
Kada a ce na mai da shi aljanna. Tsarin na da rauninsa babba: in gari ya ji yunwa, malam ma ya ji. A fari da yunwar 1913 zuwa 1914 ba wata ma'aikata da za a kai wa kuka. Kuma malamin da ya dogara da kyautar mai mulki, bakinsa kan yi nauyi. Abin da nake nunawa kawai, kakanninmu ba su ɗauki malami a matsayin ɗan jinga ba.

9/
Sai na ratse na ambaci Nana Asma'u, don ita ma ta zauna Wurno tare da mijinta Waziri Giɗaɗo. Ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jaji, ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauyensu ta koyar da mata, ta kuma jagoranto su zuwa wajen Nana ɗaukar karatu. Matan kan zo da abin da ya sawwaƙa, hatsi, zuma, man shanu, tufafi, ita kuma ta rabar wa mabuƙata. Jajis ɗin nan ba su taɓa ganin albashi ba, amma tsarin ya rayu bayan rasuwarta a 1864. Duk lokacin da na ga malamar Islamiyya ta mata a ƙauyukanmu, su nake tunawa. Bambancin, ita ta yau dole ta sayi omo da magani da kuɗi hannu.

10/
Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya. Malaman fiƙihu sun daɗe da tunani kan ladan mai koyarwa. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya a Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a 870, ya yi littafi sukutum kan ladubban malamai, har da batun ladansu da kwanakin hutun Sallah. Shekara fiye da dubu ke nan.

11/
A babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada, an raba ma'aikaci gida biyu. Akwai wanda ka ba wani aiki, kamar tela: in ya ɗinka ka biya, in bai ɗinka ba babu. Akwai kuma wanda ka ɗauki lokacinsa, kamar mai gadi: ya zo, ya zauna, ya hana kansa wani nema. Ko ɓarawo bai leƙo ba duk wata, ko kai ka kwashe kayan shagon ka yi tafiya, haƙƙinsa na nan, domin ya miƙa kansa. Tau malamin makaranta tela ne ko mai gadi? Wanda aka ce ya zo bakwai da rabi kullum, aka rubuta sunansa a rajista, aka hana shi tafiya cin rani? A ganina amsar a fili take.

12/
Amma akwai ɗaya gefen, kuma shi ne ya sa gardamar ke da daɗi. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Sakkwato, ya lissafa abubuwan da ke warware yarjejeniyar haya. Cikinsu akwai idan mai mulki ya ba da umarnin a rufe shaguna. Ka ji fa, littafin ƙarni na 14 da aka rubuta a Masar yana maganar kulle. Ma'ana, wanda ya yi hayar shago don ciniki, hukuma ta hana ciniki, ba a ɗora masa kuɗin amfanin da bai samu ba.

13/
Ku kawo wannan kan makarantar kuɗi. Uban da ya ce ba zai biya kuɗin zangon da ɗansa bai shiga aji ba, yana da hujja. Malamin da ya ce ni ban gudu ba, ƙofa aka kulle mini, shi ma yana da hujja. Mai makaranta na tsakiya, ba shiga sai fita, ga kuɗin haya. Uku duk suna da gaskiya, kuma kuɗin babu. Wa zai cike giɓin? Ni dai na ce wanda ya ba da umarnin don maslahar kowa, daga dukiyar kowa, abin da a da ake kira baitulmali. Wannan fahimtar ɗalibi ce. Fatawa na wajen masu ita.

14/
Mu koma tarihi. Tsari na biyu, na albashi, Turawa suka zo da shi. Sun ci Sakkwato a Maris 1903. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Aka kafa baitulmalin En'e, haraji da jangali na shiga, ana biyan ma'aikata wata-wata, har da malaman boko. Amma su kaɗan ne ƙwarai. Lissafin Turawan da kansu a wancan lokaci ya nuna makarantun allo a Arewa sun kai 20,000 zuwa 25,000, na boko kuwa ka ƙirga su da yatsu.

15/
Shi ya sa da babbar annobar mura ta 1918 ta zo, tambayarmu ta yau ba ta da wurin tsayawa. Cutar ta sauka Legas a jirgin ruwa mai suna Bida ranar 14 ga Satumba, ta hau jirgin ƙasa zuwa Arewa, ta bazu a ƙafar fatake. Masana tarihi na ƙiyasin ta kashe mutum wajen rabin miliyan a Najeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Ta fi korona ɓarna ba kusa ba. Amma kusan duk malamin da ke ƙasar Wurno da Rabah a lokacin, abincinsa na rumbunsa da na maƙwabta. Ba wanda zai "tsayar" masa da komai.

16/
A shekarar nan akwai wani yaro a Rabah, bai kai goma ba, sunansa Ahmadu. Shi ne daga baya ya tafi Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 don horar da malamai, ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934, kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Sardauna ke nan. Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne. Malam Aminu Kano haka. Shehu Shagari haka. Duk 'yan tsarin albashi ne.

17/
Abin da tsarin nan ya kawo, wanda mun saba da shi har ba ma lura: ana biyan malami wata goma sha biyu, har da dogon hutu. Aji a kulle, yara na gona ko gidan kaka, albashi na tafiya. Ban taɓa jin wanda ya ce a yanke wa malaman firamare kuɗin watan hutu ba. Me ya sa? Domin kowa ya gane kuɗin ba na alli da ya ƙare ba ne, na riƙe mutumin ne don ya dawo zango mai zuwa. In mun yarda da haka a hutun da muka tsara da kanmu, ban ga dalilin ƙin yarda a hutun da cuta ta tilasta ba.

18/
Abin dariya, ko na kuka, shi ne tarihin albashin malami a Najeriya ba tarihin "an biya su ba su yi aiki ba" ne. Akasin haka ne. A Sakkwato Janar Gowon ya sanar da shirin ilimin firamare kyauta, UPE, a Janairun 1974. Aka fara a Satumban 1976 zamanin Obasanjo. Yara suka fito fiye da yadda aka yi lissafi, aka ɗebi malamai cikin gaggawa. Da kuɗin mai ya faɗi farkon shekarun 1980, sai malaman firamare a jihohi da yawa suka riƙa yin watanni ba albashi, suna zuwa aji.

19/
Sai da aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988 don a daidaita biyan. Aka rushe ta a 1991, aka mai da nauyin kan ƙananan hukumomi, abin ya sake lalacewa, aka dawo da ita a 1993. Sannan aka ƙaddamar da UBE ranar 30 ga Satumban 1999, a Sakkwato kuma. Kun ga sau biyu ana yi wa ilimin ƙasa baki ɗaya alkawari a garinmu. Ku tambayi duk wani tsohon malami a gidanku labarin bashin albashi, ku tanadi lokaci don ba zai gama da wuri ba.

20/
Daga wannan rauni tsari na uku ya fito. Iyayen da suka yanke ƙauna suka koma makarantun kuɗi. A cikin garin Sakkwato sun cika unguwanni. A wajenmu, Lahodu da Achida da ƙauyukan Goronyo, ba su da yawa haka, amma muna da 'yan uwansu: malamin sa-kai da ƙungiyar iyaye ke haɗa wa ɗan abin sabulu, da Islamiyyar da yara ke kawo kuɗin wata. Wanga malami ba shi da rumbun gari kamar na zamanin Bello, don ana ganin ai "ma'aikaci" ne. Ba shi da baitulmali kamar na En'e, don ba na gwamnati ba ne. Abincinsa na ɗaure da ƙafar yaro: in yaro ya taka zuwa makaranta a ci, in bai taka ba a kwana haka.

21/
An ma yi mana gwaji kafin korona, ba mu ɗauki darasi ba. A Yulin 2014 Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola. Ministan ilimi na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, shi ma tsohon malamin makaranta, ya sanar da ɗage komawa hutu zuwa 13 ga Oktoba. Masu makarantun kuɗi suka yi ca. Aka dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba. Ƙungiyar malamai ta NUT kuma ta ce ba ta yarda ba sai an tanadi kayan kariya.

22/
Ku lura da yadda layin ya rabu. Masu albashi tabbatacce na cewa a jira. Masu jiran kuɗin zango na cewa a buɗe. Ba wai waɗancan sun fi tausayin yara ba, ko waɗannan sun fi son ilimi. Yunwa ce ke magana. Wannan shi ne dalilin da ba a cika ambata ba: in ba ka biya malami lokacin annoba ba, ka ƙirƙiri rundunar mutanen da dole su yi yaƙi da rufewar, ko su buɗe a ɓoye. Biyansu wani sashe ne na yaƙi da cutar kanta. Allah Ya taimaka Ebola ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu, aka ayyana ƙasar ta tsira ranar 20 ga Oktoba.

23/
To me aka yi a 2020? An yi wani abu, a faɗi gaskiya. Gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 75 a asusun da ta kira Survival Fund, kuma makarantun kuɗi aka fara buɗe wa ƙofa: naira 30,000 zuwa 50,000 a wata, na wata uku, ga ma'aikata da ba su wuce goma ba a kowace makaranta. Wasu sun samu, sun ji daɗi. Amma an buɗe rajistar ne 21 ga Satumba, wata shida bayan rufewa. Kuma sai makaranta na da rajistar CAC, ma'aikata na da BVN, a cike fom ta intanet. Ku faɗa mini Islamiyya nawa ce tsakanin Wurno da Goronyo ke da takardar CAC.

24/
A daidai wannan lokaci, Yuni da Yulin 2020, aka sallami rukunin farko da na biyu na N-Power, matasa wajen 500,000 masu karɓar 30,000 a wata, kuma mafi yawansu koyarwa suke yi a firamaren gwamnati. Wa'adinsu ya cika, na sani. Amma da aka buɗe makarantu, azuzuwan da suke riƙewa fa?

25/
Malaman tsangaya kuwa nasu ya fi ciwo. A Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka amince a mai da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa loda yara a motoci daga wannan jiha zuwa waccan, wasu aka same su da cutar bayan sun isa. Za mu iya gardama kan almajiranci wata rana, ni ma ina da abin cewa. Amma a batunmu na yau, an kwashe ɗaliban malam, an kwashe masu taya shi noma gab da damina, kuma tsari mafi tsufa a ƙasar nan ya ga iyakarsa.

26/
Ba mu kaɗai ba ne. UNESCO ta ce a tsakiyar abin ɗalibai kusan biliyan 1.6 ne ke gida. Yuganda ta rufe kusan shekara biyu, sai 10 ga Janairun 2022 ta buɗe gaba ɗaya, ta tarar malamai da yawa sun kama wata sana'a. A Kenya har wasu masu makarantu suka mai da azuzuwa ɗakin kiwon kaji. Ingila ta biya kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan kamfanoni da aka zaunar a gida. Maƙwabtanmu na Nijar, nan tsallaken Illela, ba su ja abin ba: sun rufe a Maris, 1 ga Yuni yara sun koma.

27/
Na san ba mu da kuɗin Ingila, kada wani ya tuna mini. Amma abin da ya faru a Yuganda na gan shi da idona a ƙaramin sikeli. Wanda ya koya mana lissafi a ƙaramar sakandare malamin sa-kai ne, mai NCE, shekaru yana jiran a ɗauke shi. Da aka rufe, ɗan abin da iyaye ke haɗawa ya tsaya. Ya sauka fadama, ya kama albasa da tafarnuwa, abin da ƙasarmu ta fi iyawa. Kakar farko ya ga kuɗin da bai taɓa riƙewa ba a koyarwa. Da aka buɗe aka aika masa, ya yi godiya ya ce a gaida yara. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Sai dai samun mai lissafi irinsa da zai yarda ya zauna ƙauye ba abin wata ɗaya ba ne.

28/
Yanzu ga masu cewa ba aiki ba biya. Hujjarku mafi ƙarfi na san ta: akwai malaman gwamnati da ko makaranta na buɗe ba sa zuwa. Suna zaune cikin gari, sunansu na ƙauye, sai ranar tantancewa a gan su. Gaskiya ne, kuma ɗan ƙauye ya fi kowa sani. Amma wannan cuta ce daban, maganinta mai duba makarantu da ke zuwa da gaske da shugaban da ba ya rufa asiri. Yanke albashin kowa lokacin annoba ba ya kama wanda ba ya zuwa, ya ma saba. Wanda ke zuwa kullum shi za a hukunta.

29/
Wasu kuma na kawo ASUU. Abin sha'awa, yajin aikin 2020 ya fara ne 23 ga Maris, ranar da aka rufe makarantunmu, ya ƙare 23 ga Disamba. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ni ma ya ci ni. Gwamnati ta riƙe albashi bisa sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago, daga baya gwamnatin Tinubu ta amince a biya wata huɗu. Ko wane ɓangare kake, yajin aiki ma'aikaci ne ya janye hannunsa don ya matsa lamba. Annoba kuwa an janye masa aikin ne. Haɗa su wuri ɗaya rikita lissafi ne.

30/
Inda zan ba ku gaskiya: wanda aka biya, akwai abin da ake binsa. A 2020 an yi ta maganar karatu ta intanet, mu da ke ƙauye muna dariya, waya ɗaya a gida kuma tana wajen mai caji. Darussan rediyo sun fi kusa da mu, amma yaro ɗan aji biyu ba ya koyon haɗa baƙi daga rediyo shi kaɗai. Da an ce kowane malami mai albashi ya ɗauki yara biyar ko shida na unguwarsu, a ƙarƙashin bishiya, a ba da tazara, awa ɗaya a rana, da asarar ba ta kai haka ba. Mai gadi ana biyansa ko ba ɓarawo, amma ba a ce ya tafi gida ya kwanta ba.

31/
In kana ganin duk wannan tsohon zance ne, to ba ɗan gabashin Sakkwato ba ne kai. Wata biyu da komawa, aka sace ɗaliban Ƙanƙara ranar 11 ga Disamban 2020, gwamnatin Tambuwal ta rufe makarantun kwana 16 na yankunan da ke cikin haɗari, har da na Rabah da Goronyo. A Satumban 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14. Ranar 17 ga Oktoban shekarar aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane fiye da 40. Akwai ƙauyukan da firamarensu ta watse don mutanen garin sun gudu, akwai makarantun da suka zama masaukin 'yan gudun hijira. A wajenmu rufe aji ba ya jiran annoba, kuma malamin sa-kai da na Islamiyya su ne dai ke fara rasa na cefane.

32/
Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoban 2020, Shugaba Buhari ya yi alkawarin tsarin albashi na musamman ga malamai da ƙarin shekarun aiki. Na shekarun ya zama doka a 2022: ritaya a shekara 65, ko bayan shekara 40 na aiki. Madalla. Amma wannan na malami na farko ne a cikin ukun nan da na lissafa a sama, mai alat.

33/
Abin da zan nema ba shi da wuyar faɗi. Duk takardar da ta ce a rufe makarantu, a cikinta a rubuta abin da za a ba malaman da ba sa cikin albashin gwamnati, ko rabin mafi ƙarancin albashi ne, da ranar da za a fara. Mai makarantar da ya karɓi kuɗin zango kafin rufewa ya biya malamansa daga ciki, ba ya ce a yi haƙuri ba. Iyayen Islamiyya da ke da hali su ci gaba da kai kuɗin wata, ko mudun gero ne, yadda kakanninsu suka yi.

34/
Kuma kafin komai, a san su waye. Ba sai da CAC ba. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da hakimi, da masu unguwanni da limamai, in suka zauna mako guda za su rubuta sunan duk mai koyar da yara a gundumar Lahodu, na boko da na allo da na Islamiyya, da lambar wayarsa da yawan ɗalibansa. Haka ake yi in za a yi rigakafin shan inna, gida-gida ake bi har da alli a bango. Nan zan tsaya, caji saura kashi huɗu.